Kafin ka yanki tikitin zuwa Sakkwato, duba ranar da ke jikin katinka na Amurka

Sana'ata yankar wa mutane tikitin jirgi, kuma a nan Sakkwato nake yin ta. Mafi yawan masu shigowa wurina maniyyata ne da masu zuwa Umara, amma akwai wani rukuni da na daɗe ina hulɗa da su ta waya, wato 'yan'uwanmu mazauna Amurka. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi horo a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai malaman jami'a, akwai matan da aure ya kai su, sai kuma iyaye da 'ya'yansu suka nema wa takarda suka ɗauke su. Yawancinsu katin zama na dindindin ne a hannunsu, wanda kowa ke kira girin kat. Dominsu nake wannan rubutu, kuma abin da nake so ya zauna musu shi ne, lamarin wannan kati ba a gyara shi daga Sakkwato. Ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ba ya buga shi, na Legas ma haka, hukumar USCIS da ke bayar da shi kuma ba ta aika shi zuwa adireshin da ke wajen Amurka. Duk abin da za a yi masa, a yi shi ƙafarka tana can.

Ciro katin yanzu ka duba ranar ƙarewarsa, tana nan a fuskarsa. Ka karanta ta a tsanake, domin Amurkawa wata suke fara rubutawa, sannan rana, sannan shekara. Idan ka ga 03/08/27, wannan 8 ga Maris ce, ba 3 ga Agusta ba. Dattijanmu da suka saba da rubutun Najeriya sukan ƙara wa kansu wata biyar da babu su. Idan katin Baba ko na Inna ne, kai da kanka za ka duba, kada ka tambaye su ta waya.

Sannan ka gane wane irin kati ne. Akwai na shekara 10, shi ne na yawancin mutane. Akwai na shekara 2, mai sharaɗi, wanda ake ba wanda ya samu zama ta hanyar aure alhali auren bai cika shekara biyu ba. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma wanda ya bi ta wani ya yi asarar kuɗi da lokaci.

Mai katin shekara 10, fom ɗinsa I-90 ne, kuma ana karɓarsa da zarar ya rage wata shida katin ya ƙare. Shawarata ka cike shi ta intanet. Ka buɗe asusu a shafin USCIS da imel ɗin da kai kake buɗewa, ka ɗora hoton katin gaba da baya, ka biya. Tun daga 1 ga Afrilu 2024 kuɗinsa dala 415 ne ta intanet, dala 465 ta takarda, amma ka sake duba shafin hukumar ranar da za ka biya, saboda kuɗin gwamnati ba ya zama wuri ɗaya. Ribar asusun ita ce duk wasiƙar da za su aiko maka za ka gan ta a wayarka, ko kana Runjin Sambo. Wajen cikewa ka kula da suna. Mu mun san Usman da Usmanu mutum ɗaya ne, Muhammad da Mohammed ma haka, amma kwamfuta ba ta san wannan ba. Sunan da ke kan kati da na fasfo da na tikiti su zama harafi ɗaya. Idan kuskuren daga hukumar ne tun farko, ana gyara shi da wannan fom ɗin ba tare da ka biya ba, sai dai za ka mayar musu da katin mai kuskuren.

Sabon kati yana ɗaukar lokaci, wani lokacin watanni masu yawa, kuma ba shi kake jira kafin ka yi tafiya ba. Abin da kake jira rasit ne, takardar da ake kira I-797, wadda takan iso cikin makonni kaɗan bayan an karɓi fom ɗinka. A jikinta an rubuta cewa an tsawaita aikin tsohon katinka. A da wata 24 ake ƙarawa, amma daga 10 ga Satumba 2024 an mayar da shi wata 36, ana ƙirgawa daga ranar da ke jikin katin. Wannan takarda ba ta aiki ita kaɗai, tsohon katin da ya ƙare shi ma ba ya cika shi kaɗai. Tare ake nuna su. Ka jira ta asali, wadda ta zo ta gidan waya, ka sa ta cikin jakar hannu tare da fasfo. Kada ta shiga akwatin tsaraba da za a auna, kada kuma ka ce ai tana cikin waya.

Mutane kan ce mini, ai ƙarewar kati ba ƙarewar izinin zama ba ne. Gaskiya ne. Kamar takardar fili ce, ko ta tsufa ta yage filin yana nan naka. Har ma ƙa'idar da hukumar kan iyakar Amurka ta ba kamfanonin jirage ta yarda a ɗauki mai katin shekara 10 da ya ƙare, muddin bai shekara a waje ba. Amma ma'aikacin da ke kan kanta a filin jirgin Abuja da tsakar dare ba alƙali ba ne. Abin da ke hannunka yake gani, kuma ya san idan ya ɗauki wanda takardarsa ba ta cika ba kamfaninsa za a ci tara. Na ga wanda gaskiya tana gefensa amma jirgi ya tashi ya bar shi, ya kwana a otal, ya biya kuɗin canjin tikiti, ya makara komawa aiki. Ba na son ganin mutumin kirki yana roƙo a kan abin da dala 415 da mako uku za su kare shi daga gare shi.

Bayan rasit, wataƙila su kira ka ɗaukar hoto da zanen yatsu a ɗaya daga cikin cibiyoyinsu. A da, sau da yawa sukan yi amfani da wanda suka ɗauka a baya su aiko maka da takarda cewa ba sai ka zo ba, amma kada ka yi lissafi a kan haka. Idan ranar ta faɗo kana gida, ka shiga asusunka ka nemi a ɗage ta tun kafin ta zo. Wanda bai je ba kuma bai nemi ɗagewa ba, ana iya ɗaukar ya watsar da buƙatarsa a rufe ta. Saboda haka nake cewa a cike fom ɗin tun wata shidan nan na farawa, a gama da yatsu, sannan a zo maganar tikiti. Adireshi ma haka. Doka ta ce ka sanar da USCIS cikin kwana 10 idan ka canza gida, kuma sanar da gidan waya bai wadatar ba. Ka bar wani amintacce yana buɗe maka akwatin wasiƙa.

To, ba kullum tafiya ke ba da sanarwa ba. A kira ka da asuba a ce jikin Baba ya tashi, ko an yi rasuwa, ga kati ya ƙare ko ya ɓace, ga babu rasit a hannu. A nan sai ka cike I-90 a ranar, ka kira cibiyar amsa kira ta USCIS ka ce kana buƙatar hatimin I-551 na wucin gadi, wanda wasu ke kira ADIT. Ko su ba ka rana ka je ofishinsu su buga maka a fasfo, ko su aiko maka da shi a jikin wata 'yar takarda mai hotonka, hanyar da suka fara a 2023. Ba ya wuce shekara guda. Ka sa 'yan gida su turo maka takardar likita ko ta rasuwa ta WhatsApp, ita ce hujjar gaggawarka. Na san zuciya ba ta son jira a irin wannan lokaci. Amma jana'iza a wurinmu ba ta jiran mai tasowa daga Amurka ko da a ranar ya hau jirgi, kuma gaisuwa tana nan ko ka ƙara kwanaki. Ka samu hatimin sannan ka taho.

Mai katin shekara 2 kuwa, kada ya taɓa I-90. Nasa I-751 ne, kuma ana shigar da shi cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya ƙare, yawanci miji da mata tare suke sa hannu. Rasit ɗinsa yana tsawaita katin da wata 48 tun Janairun 2023. Bambancin da ke da haɗari shi ne, a nan idan rana ta wuce ba a shigar ba, izinin zaman kansa ne ke faɗuwa, ba katin kaɗai ba. Amaryar da aka kai, ta ɗokanta ta zo ganin gida daidai lokacin da shekara biyun ke cika, ita da mijinta su zauna da kalanda kafin su kira ni.

Yanzu maganar hanya, wadda ita ce tawa. Mai fasfon Najeriya yana cikin waɗanda ƙasashen Turai na yankin Shengen ke neman bizar yada zango a wurinsu ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. Abin da ke ɗauke maka wannan biza shi ne katin Amurka mai rai. Da zarar ya zama tsohon kati da rasit kake riƙe da su, kada ka ɗauka kowace ƙasa za ta karanta su yadda Amurka ke karantawa. Jamus musamman tana da tsauri a kan wannan. Idan mutum ya gaya mini halin da katinsa ke ciki, ba na bi da shi ta Frankfurt ko Paris komai arhar tikitin. Ko dai jirgin da ke tashi kai tsaye daga Legas, kamar na Delta zuwa Atlanta ko na United zuwa Washington, ko kuma ta Doha, ko Istanbul, ko Addis Ababa, ko Alƙahira. Kuma idan da hunturu ka zo, ka bar kwana guda tsakanin jirgin Sakkwato da babban jirginka. Hazo yana hana sauka da tashi a filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, kowa ya sani.

Fasfon Najeriya shi ma a duba shi tare. Ana sabunta shi a ofisoshinmu na Washington da New York da Atlanta, ko a nan ofishin shige da fice na Sakkwato, kuma sai da lambar NIN wadda bayananta suka yi daidai da na fasfon. Mai niyyar wucewa Umara ya tabbatar akwai aƙalla wata shida a jikinsa.

Abin da ya fi ƙarewar kati cin mutanenmu shi ne daɗewa. Sabon kati fil ba ya kare wanda ya zauna a gida fiye da kima. Idan ka haura kwana 180 a waje, jami'in kan iyaka yana da damar ya dube ka a matsayin mai neman shiga sabo, ya yi maka tambayoyi a kan inda rayuwarka take. Idan ka cika shekara guda, katin ya daina aiki a matsayin takardar shiga, ko da saura shekara tara a jikinsa. Mu kuwa al'amuranmu ba sa ƙarewa da wuri. An zo biki, sai ga azumi, a ce a bari a yi Sallah, bayan ƙarama a ce ai babba ta kusa. Jinya ba ta da rana. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Rabon gado kuwa, idan akwai gidaje da gonaki da dabbobi a ƙauye, sai wanda ya gani.

Akwai wata Hajiya, mahaifiyar wani da nake yankar wa tikiti, da ta zo jinyar maigidanta da niyyar wata uku. Jinya ta ja, Allah ya karɓi abinsa, ta shiga takaba, ta fito aka shiga gado. Ranar da ɗanta ya ce in sa mata ranar komawa, na ƙirga na ga ta haura shekara. Da na je gida na yi mata bayani, ta yi shiru, can ta ce, "To yanzu mi za mu yi, ɗana?" Abin da ya rage mata shi ne bizar mai komawa, SB-1, wadda ake nema da fom DS-117 a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, inda sashen bizar masu ƙaura yake. Sai ka gamsar da jami'in cewa da niyyar komawa ka fito, kuma abin da ya tsare ka ya fi ƙarfinka. Idan ya yarda, a sake gwajin lafiya, a sake biyan kuɗi, a sake ganawa. Idan bai yarda ba, sai ɗanka ya fara nema maka takarda daga tushe. Abin da ya taimaki Hajiya shi ne 'yarta ta adana kowace takardar asibiti da shaidar rasuwa. Duk da haka an sha kai-komo tsakanin nan da Legas, tsohuwa da ciwon ƙafa, cikin makoki.

Maganin wannan yana nan, kuma shi ma sai kana can. Takardar izinin sake shiga ce, ana neman ta da fom I-131, kuɗinta dala 630 a jadawalin 2024. Tana ba ka damar zama a waje har shekara biyu ba tare da katinka ya daina shigar da kai ba. Sharaɗinta shi ne ranar da aka shigar da fom ɗin kana cikin Amurka, kuma ka tsaya a ɗauki yatsunka idan sun kira. Hukumar tana ba da shawarar a shigar aƙalla kwana 60 kafin tafiya. Ba dole ka jira fitowarta ba, kana iya neman a aika ta ofishin jakadanci ka karɓa a Najeriya. Ba a tsawaita ta, idan ta ƙare sai ka koma ka nemi wata. Ra'ayina, duk wanda zai sako tsohuwarsa a jirgi zuwa Sakkwato ya yi mata wannan takarda, ko da ta rantse wata biyu za ta yi. Ba don ba ta da gaskiya ba. Jikoki da 'yan'uwa da maƙwabtan shekara arba'in suna nan, can kuwa ɗaki ne da sanyi, kuma kai ma ka san wanda zai rinjaya. Ka ci gaba da cike takardar haraji a matsayin mazauni, ka bar asusun banki da adireshi da inshorar lafiya suna aiki. Waɗannan ne ke nuna ba ka tashi ba.

Wadda ta zo haihuwa gaban Inna don wankan jego ta san wannan: jaririn da mai katin zama ta haifa lokacin ziyara ana shigar da shi ba tare da biza ba, idan bai kai shekara biyu ba kuma yana tare da ita a komawarta ta farko bayan haihuwar. Idan ta koma ta bar shi wurin kaka da niyyar ɗauko shi daga baya, wannan sauƙin ya wuce. A yi masa fasfo da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, a kuma yi magana da kamfanin jirgin tun da wuri.

Idan katin ya ɓace a nan, ko aka ɗauke jaka a kasuwa, ka kai rahoto wurin 'yan sanda ka karɓi takarda. Sannan ka biya kuɗin fom I-131A ta intanet, dala 575, ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka. Za su manna maka wata takarda a fasfo wadda ke ba jirgi damar ɗaukar ka sau ɗaya, cikin kwana 30. Wannan ma sai ga wanda bai shekara a waje ba, ko wanda izinin sake shigarsa da bai ƙare ba shi ma ya ɓace. Idan ka sauka sai ka cike I-90. Hoton katin gaba da baya da ka ajiye a imel shi ne zai sauƙaƙa maka komai a ranar. Ni dai shawarata, da ka iso gida ka kulle katin da fasfo a wuri ɗaya, ka yi yawonka da katin ɗan ƙasa.

Wanda kuma yana gida ya lura katinsa saura 'yan watanni, kuma zai koma kafin ranar, ba sai ya tayar da hankali ba. Ya koma a kan lokaci, ya cike da zarar ya sauka.

Akwai mutum biyu da nake roƙo su ga lauyan shige da fice kafin su cike komai ko su hau jirgi. Na farko wanda 'yan sanda suka taɓa kamawa a can, ko da an ce magana ta mutu, domin zanen yatsun I-90 yana tono tsohon fayil, dawowa daga tafiya ma haka. Na biyu wanda ya zo gida da niyyar ƙara aure. A wurinmu halal ne, ba mai musu, amma dokar shige da fice ta Amurka tana hana shiga ga mai zuwa don zama da mace fiye da ɗaya, kuma fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya a kai ƙarara. Ya san matsayinsa kafin a kai goro.

A filin saukar ka amsa abin da aka tambaye ka da gaskiya, a taƙaice. Idan ka daɗe, ka riƙe hujjarka a hannu. Wani lokaci jami'i kan miƙo fom I-407, wanda ma'anarsa ka ajiye izinin zamanka da kanka. Ba dole ba ne ka sa hannu. Kana da haƙƙin a kai maganarka gaban alƙalin shige da fice, shi ne mai yanke hukunci. Wannan a faɗa wa iyaye da Hausa tun daga gida, a maimaita musu, domin tarbiyyarsu ita ce idan hukuma ta miƙo takarda a sa hannu. Ka rubuta musu lambar wayarka a takarda, ka gaya musu su nemi tafinta idan ba su gane ba.

Wanda ya shekara biyar da kati, ko uku idan ɗan ƙasar Amurka yake aure, ya duba ko lokacin neman zama ɗan ƙasa ya yi, da fom N-400. Rasit ɗinsa ma yana tsawaita katin da wata 24 tun Disamban 2022. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana haifaffen ɗan ƙasa riƙe fasfo biyu ba, kuma mai fasfon Amurka yana iya shekara nawa ya so a Sakkwato ba mai ƙirga masa kwana. Sai dai doguwar tafiya tana ɓata wannan lissafin, domin fita ta fiye da wata shida tana iya katse ƙirgen zamanka, kuma izinin sake shiga ba ya hana hakan. Dattijan da Turanci ke ba tsoro akwai sauƙi a gare su: mai shekara 50 da ya riƙe kati shekara 20, ko mai 55 da ya riƙe shekara 15, an ɗauke masa jarrabawar Turanci, tambayoyin tarihi da tsarin mulki kuma zai amsa su da Hausa, ya zo da tafintansa.